Yadda Ake Shirya Yawon Yini Ɗaya Zuwa Duwatsun Kerang da Tafkin Pidong Daga Katsina ko Daura

Mutumin Katsina ya saba da dutse. Duk wanda ya bi ta Dutsin-Ma ya ga manyan duwatsun nan masu santsi da ake fasawa a yi tsakuwar gini. Amma waɗannan a can ƙarƙashin ƙasa suka sandare, sai daga baya zaizaya ta tono su. Dutse mai aman wuta daban yake: narkakken dutse ne ya ɓullo sarari da toka da tururi, ya taru ya yi tsauni mai rami a ka. Idan ramin ya riƙe ruwa, sai ya zama tafki. Irin wannan akwai shi a jihar Filato, a ƙaramar hukumar Mangu, inda tsaunukan suka jeru a layi ɗaya kusa da Panyam. Fitattu a cikinsu su ne dutsen Kerang da tafkin Pidong, wanda wasu ke kira Ampidong, a yankin Ampang ta Yamma. Babu wani rubutaccen tarihi da ya nuna sun taɓa aman wuta a idon mutane, don haka mai zuwa ba wuta zai gani ba, sawunta zai gani.

Yawon kansa na yini ɗaya ne, amma daga Katsina ko Daura tafiyar ta kwana uku ce: ranar zuwa Jos, ranar yawo, ranar dawowa. Wanda ya ce zai matse ta a kwana biyu, dare zai yi masa a hanyar da ba a son dare ya yi wa baƙo.

Matakin farko: a nemi ɗan gari kafin a nemi mota

Wannan shi ne abin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Mangu da Barikin Ladi da Bokkos sun sha fama da rikici. A 2023 an yi asarar rayuka masu yawa a Mangu, a watan Janairun 2024 kuma gwamnatin jihar ta sanya dokar hana fita ta awa 24 a ƙaramar hukumar. Akwai lokutan da ake zaune lafiya, kasuwa na ci, motoci na kai da kawo. Akwai kuma lokutan da bai kamata baƙo ya kusanci wurin ba. Daga Katsina ba za ku iya bambance su ba, labaran Facebook kuma sukan zo a makare ko da ƙari.

Saboda haka sai an samu mutum biyu. Na farko mazaunin Jos, ɗan'uwa ko abokin kasuwanci, wanda zai nema muku masauki da direba. Na biyu ɗan asalin yankin Kerang ko Ampang, daga al'ummar Mwaghavul masu ƙasar, wanda zai yi muku jagora. Galibi na farkon ne ke haɗa ku da na biyun. A kira su sau uku: mako biyu kafin tafiya, daren da za a tashi daga Katsina, da asubar ranar yawon. Idan ɗayansu ya ce a dakata, a dakata, ko da an biya kafin alƙalamin mota. Jos kanta tana da gidan tarihi da tsaunukan Shere da za su cike yinin.

Kada ayarin ya yi yawa. Mutum 10 zuwa 14 a bas ɗaya ya fi jerin motoci uku da za su shiga ƙauye babu sanarwa. Kowa ya riƙe katin shaidarsa na ɗan ƙasa a aljihu, ba a cikin jakar da ke but ba. Idan ɗalibai ne, a zo da takardar makaranta mai hatimi da sunayen kowa.

Wane wata?

Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Damina a Filato ta fi tamu tsawo da ƙarfi, tana kamawa tun Afrilu har Oktoba, ruwan shekara ya ninka na Katsina har da ɗori, wani lokaci da ƙanƙara. A tsakiyarta hanyoyin ƙauye na caɓewa, gangaren dutse ya yi santsi, ga tsawa, wadda ba a son ta samu mutum a ƙololuwar tsauni. Disamba da Janairu hanya ta bushe, amma hazon hunturu yana rufe nesa, ku sha wahalar hawa ku tarar ba a hango komai. A Nuwamba ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sama kuma garau.

Katsina tana kan tudun kimanin mita 500 daga teku, Jos kuwa wajen mita 1,200. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, wato tsakaninmu da su akwai digiri 4 zuwa 5, kuma da asuba abin ya fi haka ji a jiki saboda iska. Kowa ya zo da rigar sanyi da hula, mata da mayafi mai kauri, yara da safa.

Rana ta farko: zuwa Jos

A tashi bayan sallar asuba. Daga Katsina a bi ta Charanci, Kankiya, Tsanyawa da Bichi zuwa Kano, kimanin kilomita 170. 'Yan Daura su bi ta Kazaure da Dambatta, tasu ta ɗan fi kusa. Daga Kano akwai hanyoyi uku: ta Kwanar Dangora da Tudun Wada a ratsa dajin Falgore a faɗa Saminaka, wadda ita ce mafi kusa, wajen kilomita 300, ta Zariya da Pambeguwa, ko ta Birnin Kudu da Ningi a faɗo titin Bauci zuwa Jos. Wadda za a bi ba a taswira ake zaɓenta ba. A tambayi direbobin haya da suka bi a makon, su ne suka san inda titi ya lalace da inda ake fargaba. Dajin Falgore dai da rana tsaka ake ratsa shi, ba a tsayawa ciki don fitsari ko hoto.

Ku lissafa awa 8 zuwa 9 har da tsayawar sallah da cin abinci. Nisan ya wuce na ƙasaru nesa ba kusa ba, tunda a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, kusan kilomita 80, kuma ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Burin shi ne a yi la'asar a Jos. Baƙi daga wajenmu sukan fi sakewa a masaukan da ke kewayen titin Bauci da babban masallacin Juma'a, inda abinci da masallaci ke kusa.

Da yammar nan za a gama sayayya, domin gobe babu lokacinta.

Abin da za a loda

Ruwan sha lita 2 ga kowane mutum, wato ledar fiya-wata huɗu. Jaka ɗaya leda 20 ce, lita 10, don haka mutum 14 na buƙatar jaka uku. A ƙara ta huɗu don ko-ta-kwana. Ban da wannan a cika jarka mai lita 25 don alwala da lagireto, da buta biyu da tabarma. Abinci a zaɓi wanda ba ya lalacewa: burodi, dafaffen ƙwai, kilishi, dambun nama, dabino, ƙuli-ƙuli, ayaba. Fura da nono ko shinkafa da miya a cikin kula sukan yi tsami kafin azahar idan mota ta tsaya a rana.

Takalmi shi ne inda aka fi kuskure. Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa ba sa hawa wannan dutse. Kambas mai zanen ƙasa ake so, wanda aka riga aka saba da shi. Sabo fil yana tayar da bororo a dunduniya tun kafin a kai rabi. Babbar riga a bar ta a masauki. Mata su sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga, hijabin kuma kada ya kai ƙasa, domin wanda ke jan ƙasa yana harɗe ƙafa a gangara. Sai ƙaramin akwatin magani: filasta, bandeji, maganin ciwon kai, gishirin haɗin ruwa na masu gudawa, da maganin amai ga masu jiri a mota, wanda ake sha rabin awa kafin a tashi. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a jikinsa, sanyi da ƙura na tayar da ita. A cire tsabar kuɗi ƙananan canji a Jos, kada a dogara da tiransifa a ƙauye, sabis na iya ɗaukewa.

Motar kuma a duba ta a daren: baƙin mai, man birki, ruwan lagireto, fambel, safaya mai iska, jak da abin kwance taya. Zuwa da dawowa har da shiga ƙauyuka zai ci kilomita 200 da ɗoriya. Bas irin Homa da lodi tana shan wajen lita 12 zuwa 14 a kilomita 100, ke nan lita 30 ce mafi ƙaranci. A cika tanki kawai a huta. Idan motarku ta gida mai ƙasa-ƙasa ce, gara a ɗauki shatar mota a Jos da direban da ya san hanyar. A yi ciniki a fili: kuɗin yini ne gaba ɗaya, wa zai zuba mai, kuma jira na cikin kuɗin. Rashin faɗin na ƙarshen nan ne ke sa direba ya fara danna oda kuna tsakiyar hawa.

Rana ta biyu: yinin yawon

A bar Jos da ƙarfe 6:30. Hanyar ta bi ta Bukuru, ta Mararrabar Jama'a, ta wuce Heipang inda filin jirgin saman Yakubu Gowon yake, sai Barikin Ladi, sai Mangu, kimanin kilomita 75 zuwa 80 daga Jos. Panyam na gaba kaɗan. Akwai shingayen jami'an tsaro da dama. A rage gudu tun daga nesa, a sauke gilashi, mutum ɗaya ya riƙa magana, kuma kada kowa ya ɗaga waya yana hoto a wurin. Idan ranar kasuwar Mangu ce, a ƙara rabin awa a lissafi saboda motocin masara da dankali.

A kan hanya za ku ga kududdufai masu ruwa kore shar da tulin jar ƙasa a gefensu. Waɗannan ba tafkunan dutse ba ne, ramukan haƙar kuza ne da aka bari tun zamanin Turawa. Dattawan Katsina da dama sun ji labarin wurin a bakin iyayensu, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi mutane daga lardunan Arewa aka kai su aikin tilas a ma'adinan nan. A kalle su daga mota. Suna da zurfi, bakinsu na zaftarewa, kuma sun ci mutane.

Da misalin 8:30 ya kamata ku haɗu da jagoranku a Panyam. Akwai tsohuwar gonar kifi ta gwamnati a garin, tun shekarun 1950, amma a bar ta sai a dawowa idan lokaci ya ragu. Dutse ake fara hawa, tun rana ba ta yi zafi ba.

Kafin a taka dutsen sai an gaida masu gari. Jagora zai kai biyu ko uku daga cikinku wurin mai unguwa ko dagaci, sauran su jira a mota. Hausa ta wadatar, kusan kowa na ji. Babba a cikinku ya yi magana: "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne daga Katsina, mun zo ganin dutse da tafki, mun ce ba za mu wuce ba mu kawo gaisuwa ba." A ajiye ɗan abin goro. Minti goma ne, amma daga nan duk wanda ya gan ku a gona ya san da zuwanku. A nan ne kuma za a tambaya ko akwai wurin da ba a shiga ko ba a ɗauka a hoto. Wasu kurmi da duwatsu na da matsayi a al'adar mutanen wurin. Ba sai kun yarda da abin da suka yarda da shi ba, amma ƙasarsu ce.

Hawan Kerang

A ware awa biyu, hawa da sauka da hutawa. Tun daga gindi ku lura da ƙasar: ja ce mai duhu, gonaki har kan gangare, domin dutsen aman wuta idan ya ruɓe yana ba da ƙasa mai albarka. Ku ɗauki dutse ɗaya ku duba. Wani baƙi ne mai nauyi, shi ne narkakken dutsen da ya kwarara ya sandare. Wani kuma ja-ja ne ko baƙi mai huji-huji kamar soson wanka, mara nauyi. Iskar da ke cikinsa ce ta fice lokacin da aka watso shi sama yana tafasa. Wannan na biyun shi ne ke kayar da mutane, don yana mirginawa a ƙarƙashin ƙafa.

Ga yadda ake hawa. Jagora a gaba, mai ƙarfi ɗaya a can baya, mai rauni a bayan jagora domin a yi tafiya da saurinsa. Ba a miƙewa sama kai tsaye, ana karkata dama a karkato hagu. A bar tazarar taku huɗu ko biyar tsakanin mutum da mutum, saboda dutsen da na sama ya ture kada ya samu na ƙasa, wanda ya ture ya yi ihu "dutse!" nan take. A huta minti biyar duk bayan minti ashirin, a kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan, ba a shanye leda biyu a tashi ɗaya ba. A bi bakin gona, kada a ratsa shuka. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mai tsohon ciki, su tsaya a gindi, ba abin kunya ba ne.

Sauka ta fi hawa haɗari, gwiwa ta gaji kuma mutum na ganin ya gama. A sauko da gefen ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda a hannun da ke wajen tudu. Samari masu saukowa da gudu su ne ke komawa gida da targaɗe.

Kada a cusa hannu a ramin dutse ko a ɗaga babban dutse don neman na tsaraba. Kunama da maciji nan suke fakewa, kuma jihar Filato na da kububuwa, musamman ta ɓangaren kudu. Idan tsautsayi ya faru: ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko agogo, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin a kai mota, a nufi babban asibitin Mangu, daga nan su tura Jos idan da buƙata. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, shi ya sa tsagawa ke ƙara ɓarna.

A gindin tsaunukan nan akwai maɓuɓɓugai. Ruwan sama ne ke ratsa dutsen mai huji, ya tace, ya fito ta ƙasa. Ruwan kwalba na Swan da aka daɗe da sani a Arewa daga maɓuɓɓugar Kerang yake. Shiga harabar kamfani sai da izini, don haka kada a sa shi a lissafi idan ba a nema tun da wuri ba.

Tafkin Pidong

A yi azahar a ci abinci a gindin dutse, sannan a nufi Ampang. Ya kamata a isa kafin ƙarfe 1:00. Mota na tsayawa inda hanya ta ƙare, sauran da ƙafa ne, kuma tafkin ba ya bayyana sai an kai bakin ramin. Daga nan saman ne ake ganin siffarsa sosai, ruwa a tsakiya, bangon dutse ya kewaye shi. Wanda ke son hoto mai kyau a nan zai ɗauka, amma ya tsaya taku uku daga gefen. Baki na iya zaftarewa, kuma yawancin faɗuwa na samun mai ja da baya yana kallon waya.

A cikin kowane ayari akwai wanda zai tuna da tafkin Nyos na Kamaru, inda a ranar 21 ga Agusta 1986 iskar kabon da ta taru a ƙasan ruwa ta fashe ta malalo kwari, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dubban dabbobi. Tafkunan da aka sani da tara iska haka a Afirka uku ne: Nyos da Monoun a Kamaru, da Kivu a iyakar Ruwanda da Kwango. Pidong ba ya cikinsu. Haɗarinsa na kusa shi ne nutsewa. Tafkin ramin dutse ba ya da gaɓa mai shimfiɗa irin ta dam ɗin Zobe ko Jibiya, inda mutum zai yi ta tafiya ruwa na gwiwa. Gangaren da kuka sauko ta kansa haka ya ci gaba a cikin ruwan. Ga sanyi mai ɗaure jijiya, ga laka, kuma babu mai ceto a kusa. Don haka ba wanka, ko ga gwanin iyo. Yara a riƙe hannunsu. Alwala a yi da ruwan jarka, sha kuma na leda. Duk ledar da aka shigo da ita a fita da ita, domin abin da ya faɗa ramin nan ba shi da mafita.

Awa ɗaya da rabi ta isa.

Komawa

Ƙarfe 3:00 kowa ya kasance a mota, ko an gama ko ba a gama ba. A Nuwamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6:00, tafiyar awa biyu ce zuwa biyu da rabi, ragowar kuma ta faci ce ko zafin inji. A ƙirga mutane da suna kafin a tashi. A sallami jagora da abin da aka yi alkawari tun farko, a gaban shaida, a kuma bi a yi wa mai unguwa sallama idan hanya ta bi ta ƙofarsa.

Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗen titin Katsina zuwa Daura ya kiyaye abu biyu. A gangara a sa giya ta biyu, inji ya riƙe motar. Taka birki ba ɗagawa yana ƙona shi, man ya tafasa, feda ta tafi ƙasa babu kamu. Idan kuma allurar zafi ta hau a hawa, a tsaya a gefe, a bar injin ya huce aƙalla minti 20 kafin a taɓa murfin lagireto, kuma da tsumma.

Tsarabar Filato dankalin Turawa ne, da kabeji da karas, sai atile idan lokacinsa ne. Idan an fito da wuri a saya a bakin hanya wajen Mangu, in ba haka ba a bari sai kasuwar Farin Gada a Jos da sassafe kafin a kama hanyar gida. A zazzage buhun a duba har ƙasa, a cire mai rauni da wanda ya yi kore. Kada a zuba a buhun leda a rufe a but na awa tara. Buhun algarara ko kwali mai huji ya fi. Da an isa Katsina a baje shi a ɗaki mai duhu da iska, ba a wanke ba, kuma a raba wa maƙwabta da wuri, domin zafinmu ba ya barinsa ya daɗe yadda yake daɗewa a can.